Idan kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗaukewa farat ɗaya

Da aka tambayi abin da ke sa kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaukewa farat ɗaya, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu caja suka fara zargi. A juya ta a karanta rubutun bayanta: kwamfutar da ke son wuta mai ƙarfin wat 90, in aka ba ta cajar wat 65, tana iya mutuwa da zarar aiki ya yi nauyi. A kuma ɗan motsa bakin cajar a raminsa. In fitilar caji na ƙiftawa, ramin ya saki, sai mai gyara.

Wasu suka ce a cire batir, in mai ciruwa ne, a kunna da caja kaɗai. Ta zauna lafiya? Batirin ne. An taɓo zafi da ƙurar fanka, amma ni kumburarren batir ya fi ba ni tsoro: a daina masa caji nan take.