Me zan riƙe wa surukina na tunawa da jirgin Enterprise?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Surukina Ba'amurke ne, ya yi aikin sojan ruwa a jirgin USS Enterprise daga 1968 zuwa 1971. Wata mai kamawa za mu je gaishe shi, ina son in riƙe masa abin tunawa da jirgin. Me kuke ganin ya dace?

Maman Iman: Wa'alaikumus salam. Hula hana-salla mai sunan jirgin da lambarsa. Tsofaffin sojojin ruwa ba sa rabuwa da ita.

Kawu Na Legas: Haba 'yata, suruki guda a kai masa hana-salla? Ai ta yi kaɗan.

Maman Iman: Kawu, can ba haka abin yake ba. Da ita suke gane juna ko a kasuwa.

Na Bakin Ruwa: Malam, kafin ka biya ko sisi ka duba lambar. Bara na sayo wa maƙwabcina allon bango na katako daga wani shago a intanet, shi ma a jirgin ya yi aiki. Da ya buɗe sai ya yi shiru, ya yi godiya dai, amma na ga fuskarsa ta canza. Ashe CV-6 aka rubuta. Wancan Enterprise na Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda ya halarci yaƙin Midway a 1942, tun wajen 1960 aka gama yanka shi. Nasu CVN-65 ne, wanda ya fara aiki a Nuwamban 1961, jirgin dakon jiragen sama na farko mai amfani da nukiliya, tukwanen nukiliya takwas gare shi. Na nemi shagon su canza mini, sai da na yi wata biyu ina bin su, ƙarshe na haƙura. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin ya ba jirgin nan ƙuruciyarsa, ni kuma na kai masa na wasu. Sannan ka yi hattara da masu cewa ga guntun ƙarfen jikin jirgin. In ba takardar shaida daga hukuma, ka bar musu kayansu.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri. Wallahi da na faɗa ramin nan.

Injiniya: A zamanin surukinka ma CVAN-65 ake rubutawa, sai a 1975 aka mayar CVN. In ƙaramin jirgi na ajiyewa a falo za ka saya, nemi mai tsohuwar hasumiya, wadda kanta ke kama da amyar zuma. An cire ta a gyaran 1979 zuwa 1982. Kallo ɗaya zai yi ya gane ko nasa ne.

Ɗan Autan Zaure: Mu ma fa muna da NNS Aradu, sunan Hausa ma gare shi. Wa ya taɓa ganin hularsa?

Kawu Na Legas: A Jamus aka ƙera shi. Na gan shi da idona a Apapa.

Maman Iman: Ɗan Auta, buɗe naka zancen daban mana.

Hajiya Babba: Ɗana, ka lura da shekarun da ka faɗa? Ranar 14 ga Janairun 1969 gobara ta tashi a jirgin kusa da Hawaii, roka ce ta fashe a jikin wani jirgin sama, mutum 28 suka rasu, sama da 300 suka ji rauni. In yana ciki ranar, abokansa ne. Ka fara tambayar maiɗakinka ko yana son zancen, kada ka je da farin ciki ka fama masa gyambo.

Baban Hanif: Gaskiya ne Hajiya, ban yi wannan tunanin ba. Zan tambaye ta yau da dare.

Injiniya: In ta amince, ba abin da ya kai kundin hotunan da ake bugawa bayan kowace doguwar tafiya. Wataƙila hotonsa da na abokansa na ciki. Masu tsofaffin littattafai kan samu.

Ɗan Autan Zaure: Ku kai shi ya ga jirgin mana.

Na Bakin Ruwa: Ba a shiga. Tun Disambar 2012 ya daina aiki, aka sallame shi a hukumance a Fabrairun 2017. Ba za a mai da shi gidan tarihi ba, saboda sai an farke jikinsa kafin a cire tukwanen. Amma an narka wani ɓangare na ƙarfensa an sa a sabon Enterprise, CVN-80.

Kawu Na Legas: Ni dai ko me ka saya, ka haɗa masa da kilishi da turare.