Rigimar Tekun Kudancin Chana: za ta taɓa kayan Kwari?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Jama'a, kullum ka kunna rediyo sai ka ji Amurka ta tura jirgin yaƙi, Chana ta ja kunne, Filifins ta kai kuka. Wai a kan me ake wannan rigima? Kuma idan abin ya ɓaci, ina makomar kwantenar da ta taso daga Gwanzu ta ƙasar Chana tana kan ruwa?

Malam Sani Gwale:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Rigimar iyaka ce, sai dai a kan ruwa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓarta, wajen kilomita 22, a matsayin mallakinta. Daga gaɓar zuwa mil 200 kuma kifi da mai da gas nata ne, amma jirgin kowa yana da ikon wucewa. Ita Chana tana riƙe da wata taswira da ta samo asali tun 1947, mai layi tara a gutsuttsure, wanda ya lanƙwame mafi yawan tekun har ya shiga rabon Biyetnam, Filifins, Maleshiya da Burunai.

Inda gizo ke saƙa shi ne me ake kira tsibiri. Wanda mutane za su iya rayuwa a kansa yana da mil 200 nasa. Dutse tsirara, mil 12 kawai. Wanda ruwa ke rufewa idan teku ta cika ba shi da komai, ko ka jibga masa yashi ka yi gini, iyakarsa mita 500 na kariya. A kan wannan Filifins ta kai ƙara a 2013, kuma ranar 12 ga Yulin 2016 kotun sasanci a birnin Heg ta ce layin nan ba shi da madafa a doka. Chana ta ce ba ta san zancen ba. Mu da kotun duniya ta ba Kamaru Bakassi a 2002, mun miƙa. Kotu ba ta da soja, hukuncinta kan mai ƙarfi sai ya ga dama.

Hajiya Bilki Tarauni:
Malam ya yi bayani, amma a ƙara da cewa ita Amurka mai yi wa mutane wa'azin wannan doka har yau majalisarta ba ta amince da ita ba. Chana kuwa ta amince tun 1996.

Ta fuskar soja, daga 2013 zuwa 2016 Chana ta yaso yashi ta cike wurare bakwai a tsibiran Spratly. Uku daga ciki, Fiery Cross, Subi da Mischief, suna da titin saukar jirgi mai tsawon kusan mita 3,000, ga rada, ga makamai masu linzami. Amurka kuma tana da yarjejeniyar tsaro da Filifins tun 1951, kuma a 2023 sansanonin Filifins da sojanta ke iya amfani da su suka tashi daga biyar zuwa tara.

Ni a ganina ba wanda ke son yaƙi, tsautsayi ne abin tsoro. Chana ba ta cika turo sojan ruwa gaba ba. Jiragen masu gadin gaɓa da na masunta take sawa, su tare hanya, su yi feshin ruwa mai ƙarfi, su gogi jirgi, don kada a ce ta kai hari da makami. Dubi Second Thomas, wani tudu a cikin tekun da Chana da Filifins ke jayayya a kansa: tun 1999 Filifins ta kafe wani tsohon jirgi mai suna Sierra Madre a kan tudun, ya yi tsatsa, sojoji 'yan kaɗan na kwana a ciki, sai an kai musu abinci da ruwa a kwalekwale. A Yunin 2024 aka yi arangama wajen kai kayan, sojan Filifins ɗaya ya rasa babban yatsa. Da rai aka rasa, da Filifins na iya tuna wa Amurka alkawarin 1951.

Ejan Fagge:
Alhaji, ga amsar tambayarka ta biyu. Jirgin da ya ɗauko kaya daga Gwanzu ko Ningbo ta cikin wannan teku yake gangarowa, ya wuce Singafo, ya shiga mashigin Malaka, wanda a wani wurin faɗinsa bai kai kilomita 3 ba, ya ratsa tekun Indiya, ya zagayo Afirka ta Kudu zuwa Apapa, Tin Can ko Lekki. Sama da wata guda ke nan kafin a yi maganar tirela zuwa Kano.

Tun kafin a harba harsashi kuɗi ke fara motsi. Inshorar kaya ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi, sai an ƙara sharaɗi na daban. Shi ma yana aiki ne muddin kayan na kan jirgi, kuma kamfani na iya janye shi da sanarwar kwana 7. Inshorar yaƙi ta jirgin kansa kuwa ta saba mutuwa nan take idan yaƙi ya ɓarke tsakanin biyu daga cikin Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Chana. Mai jirgi ba zai taso babu inshora ba.

Masu cewa a bi ta mashigin Lombok na Indonesiya, wannan mafita ce ga Japan da Koriya. Kayanka daga bakin tekun da ake rigimar suke fitowa.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. To Yallaɓai, me zan duba a takarduna?

Ejan Fagge:
Ɗauko takardar inshorar da aka haɗa da Fom M, wato takardar da ake cikewa don shigo da kaya Najeriya, ka ga ko an rubuta sharaɗin yaƙi a ciki. Idan kuma haɗakar kwantena kuke yi, tambayi ejan ɗinku da sunan wa aka yi inshorar, domin wanda sunansa ke jiki shi za a biya.