Hoton gini da hasken la'asar: gwaninta ce ko rufa ido?

Mai zane, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk hoton kwamfuta da muke nuna wa mai gida kafin a aza bulo ɗaya, la'asar sakaliya muke zaɓa: rana ta yi ja, fitilu a kunne, daɓe a jiƙe kamar yanzu aka ɗauke ruwa. A Jidda fa! Ni dai na ce rufa ido ne. Bara na yi wa wani bawan Allah irin wannan, falo gilashi daga sama har ƙasa yana kallon yamma. Da ya tare na je yi masa murna, na tarar an toshe gilashin da labule mai kauri, esi biyu na ta aiki, jikarsa na karatu da fitila ƙarfe huɗu na yamma. Bai ce min uffan ba, har shayi ya ba ni, amma abin na nan yana ci min rai.

Injiniya, Riyad: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗora wa hoto laifin da ba nasa ba. Tagar yamma babu rumfa, nan matsalar take. Hoto kuwa talla ne, ko amarya sai an yi mata lalle ake kai ta. Kuma ka sani hasken tsakar rana kashe hoto yake yi, bango ya fito fari fat, ba a gane shiga da fitar gini.

Mai zane, Jidda: Yaya, ai da na fitar da na ƙarfe huɗu a watan Agusta, da ni kaina na ga kuskuren tun kan tebur. A manhajojin zanen gini irin su SketchUp ko Lumion za ka iya saita rana, inuwa ta faɗi inda za ta faɗi a zahiri. Ban duba ba, saboda kyan hoton ya ɗauke min hankali.

Malama, Makka: Injiniya, gaskiya ne rana tsaka ba ta da kyan gani, amma ai ita ce jarrabawar ginin. Mu a nan, 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana kan tsaya daidai saman Ka'aba da azahar, mutum ya nemi inuwarsa ya rasa. Hukuma kanta tana hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Manyan laimomi 250 na harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don wannan lokacin aka kafa su. Ɗalibina in bai kawo min hoton azahar ba, ba na karɓar aikinsa.

Baba kafinta, Jidda: 'Ya'yana, ni ba na taɓa kwamfuta. Amma ku shiga Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ku ɗaga kai ku dubi rawashin, tagogin katakon nan masu ƙananan huji. Iskar Bahar Maliya ta shiga, rana ta tsaya a waje, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Batun jiƙaƙƙen daɓe kuwa, wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ba zai kalli ruwa a ƙofar gida a matsayin ado ba. Ku nuna wa mutum inda ruwan zai bi.

Injiniya, Riyad: Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓi wannan. Sai dai Malama, aji daban, kasuwa daban. In na kai wa mai kuɗi hoton gidansa cikin ƙurar Riyad, sararin sama ruwan ƙasa, wallahi gobe wajen wani zai koma.

Malama, Makka: To ka kai masa biyu mana, na la'asar da na azahar.

Injiniya, Riyad: Na biyun wa zai biya kuɗinsa?

Mai zane, Jidda: Ni zan ɗauka, Yaya. Akwai gida a hannuna yanzu, falonsa ma yamma yake kallo. Daren nan zan fitar da na Agusta, in turo ku gani kafin in kai wa mai shi.