Baƙin biki 38 za su zo Kaduna, ina zan kai su ranar Alhamis?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata ne a Disamba, nan Kaduna. Dangin ango da abokansa za su zo daga Legas da Yamai, mutum 6 kuma daga Landan, duka su 38, ciki da tsofaffi 7 da yara 5. Za su sauka Laraba. Kamu ranar Alhamis da ƙarfe 5 na yamma, ɗaurin aure Asabar. To safiyar Alhamis zuwa la'asar babu abin yi, ba na so su wuni a otal. Na ware ₦400,000. Kajuru, Zariya, ko cikin gari? Sannan 'yan Landan sun ce a wani biki a Italiya an kai su gonar inabi ɗanɗanon giya. Mu ba ma sha, me za a yi musu a madadinsa?

Ɗan Barnawa: Hajiya ki kai su Matsirga kusa da Kafanchan su ga ruwa yana zubowa daga dutse, daga nan su wuce duwatsun Kagoro. Babu wanda zai manta.

Direban Kawo: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka karanta batun kamu ba ne? Kafanchan ta haura kilomita 200, da babbar mota awa uku da rabi ne zuwa kaɗai, kuma a Disamba ruwan ya ja baya. Hajiya, lissafin daga baya ake fara shi. Kamu ƙarfe 5, mata na buƙatar awa biyu na wanka da kwalliya, ke nan ƙarfe 3 kowa yana ɗakinsa. Zariya kilomita 80 ce. Kosta ɗauke da tsofaffi ba ta gudu, ki ba ta awa ɗaya da rabi ta Rigachikun, Maraban Jos, Jaji. A tashi 7:30, a isa 9, a baro Zariya 1:30 bayan azahar. Mutum 38 ba za su shiga Kosta ɗaya ba, kujerunta ba su kai 30 ba in an cire na direba da yaron mota. Sai an ƙara Hayis. Kosta mai sanyi ₦150,000, Hayis ₦80,000, mai a kanki.

Ummu Sadik: Kajuru fa? Hotunan wurin sun fi na ko'ina kyau.

Malam na Unguwar Sarki: Ginin Kajuru wani Bajamushe ne ya yi shi a kan dutse a shekarun 1980, kilomita 45 ne ta hanyar Kachia. Ba wurin da ake faɗawa kawai ba ne, sai an kama tun da wuri. Hawan ma yana da tsayi, ga matakala, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Babban abin shi ne a Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari can, suka kashe mutum biyu, ɗaya Baturiyar Ingila ce. 'Yan Landan ɗinki suna duba sunan a waya labarin da za su fara gani ke nan. Ko da hanya ta yi sauƙi a yanzu, ba zan ce ki ɗauki amanar mutane 38 zuwa can ba sai da rakiyar jami'an tsaro, wannan kuma wani kuɗi ne daban.

Bazazzagi: Zariya ce amsar. Ku shiga ta Ƙofar Doka kai tsaye zuwa fada. In ana son gaisuwa wurin Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, a rubuta takarda zuwa ofishin fada tun da mako biyu, a faɗi yawan mutane da inda suka fito. Mata su yafa mayafi, maza ban da gajeren wando, a cire takalmi inda dogarai suka ce, kada a ɗaga waya sai an nemi izini. Masallacin Juma'a yana nan gefe. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim. A da sabon gini ake gani daga waje, tsohon aikin ƙasa da bakan gizonsa yana ciki, amma wani sashe na masallacin ya rufta a Agustan 2023. In akwai Kirista a cikin baƙin, Wusasa na da cocin St Bartholomew na 1929 da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa. Samaru a bar ta, jami'ar Ahmadu Bello tana da faɗi, za ta cinye awa guda.

Bakano a Kawo: A kai baƙin Landan wurin Zagezagi? Za su koma suna ba da labarin an ba su ruwa a murfin buta. Ƙara awa biyu ku iso Kano ku ci gurasa.

Bazazzagi: Bakano, ka fara biyan bashin goron da ka ci tukuna.

Gwaggon Amare: Ku bar wasa, ni maganar mota ce ta tayar min da hankali. 'Yata, kada ki biya kowa kuɗin mota gaba ɗaya. Bara a layinmu aka yi bikin 'yar maƙwabta, suka shirya irin wannan fita zuwa Zariya. Dillali ya nuna musu hoton Kosta sabuwa a waya, suka tura ₦180,000 cif. Ran tafiya an ce ƙarfe 8, mota ba ta zo ba sai 10:40, kuma ba ita ba ce, wata tsohuwa ce da na'urar sanyinta ta mutu, tagogi biyu ba sa rufuwa, ga ƙurar hunturu. A dawowa ta yi zafi bayan Jaji, babu ko galan ɗin ruwa, tayar safaya kuma a sace. Kakar ango mai ciwon suga ta zauna bakin titi awa biyu babu abinci, jikinta ya fara rawa sai da aka samo mata lemo. Sun shigo gari bayan isha'i, kamu ya watse, dangin ango ba su fesa wa amarya turare ba, kuɗin kamu ba a bayar ba. Uwar ango ta ce da gangan aka yi don a wulaƙanta su. Har yau gidajen biyu gaisuwa ce kawai. Dillalin ya kashe waya, ko sisi bai dawo ba. Yarinyar nan tana kuka da lalle a hannunta, ni na gani.

Ummu Sadik: Innalillahi. Allah ya isar musu.

Ɗan Barnawa: ₦180,000 ma an cuce su. A watan jiya an ɗauki Kosta ₦110,000 har da mai.

Direban Kawo: Har da mai? Zuwa Zariya da dawowa da zagayen gari kusan kilomita 200 ne, Kosta za ta sha lita 40 ko fiye in sanyi na kunne. Wanda ya karɓi ₦110,000 zai kashe sanyi tun daga Rigachikun. Gwaggo, laifin na masu biki ne da suka bi dillali. A je a ga motar da ido kwana ɗaya kafin tafiya, a kunna ta minti goma a ji sanyi, a duba safaya da jak, a rubuta lambar motar da ta direba, a ba da rabi, sauran sai an dawo.

Gwaggon Amare: Ɗana, kai mai mota ne, dole ka kare 'yan uwanka. Mu da muke tsaye kan biki mu muka san abin da ke faruwa in mota ta makara. A Disamba ₦200,000 ma ana kiran Kosta.

Direban Kawo: Gwaggo, da girmanki, wanda ke bin hanyar kullum shi ya san ta. Ban kare kowa ba.

Malam na Unguwar Sarki: Ku yi haƙuri. Da kamu a wannan rana, cikin gari ya fi kwanciyar hankali, ko mota ta lalace Keke Napep zai kai kowa masauki. Ƙarfe 9 a fara da Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna Ahmadu Bello inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, akwai kayansa da hotunan tarihin Arewa. Yana ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello ne, a sanar da su tukuna. Sai gidan tarihi na titin Ali Akilu, su ga gumakan ƙasa na Nok. A bi ta gaban Lugard Hall, majalisar dokoki ce, kallo daga mota ya isa. A ƙare a Ƙofar Gamji bakin kogi, inda gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904 take, yara su yi wasa, tsofaffi su samu inuwa. Zariya a bar ta zuwa Lahadi ga wanda bai tafi ba.

Hajiya Mai Girki: Maganar ɗanɗano babu wanda ya taɓa. Ƙanwata, a shimfiɗa tabarmi a Gamji a jera abin sha biyar a ƙananan kofuna: zoɓo mai citta da kanumfari, kunun aya, tsamiya, kunun gyaɗa mai ɗumi, fura da nono. Citta a nemo ta Kachia, a faɗa musu daga kudancin jihar nan ta fito. Lita 5 na kowanne ya ishi mutum 38. Kunun aya a haɗa shi da asuba a binne a ƙanƙara, in ya yi awa uku a waje yana tsami ya ɓata ciki. Nonon a dafa madarar kafin a kwantar, ƙanƙara ta ruwan leda ko ta gora, cikin baƙi ba irin namu ba ne. A raba zoɓo biyu, ɗaya babu suga saboda tsofaffi. Gefe a sa masa uku-uku da miyar taushe, kilishi, dambun nama, yaji a kwano daban. A tambaya ko akwai wanda gyaɗa ke wa illa, domin kilishi da yajin tsire duk da ƙuli ake yin su. ₦120,000 za ta yi.

Bakano a Kawo: A ƙara musu goro ɗaya-ɗaya, mu ga fuskar 'yan Landan.

Ummu Sadik: Ni tambayata, kin ma kama musu ɗakuna? Otal-otal a Disamba sun fi dillalan mota. Sai a kama ɗaki 15 da baki, ran sauka a ce saura 9, wani ya biya fiye.

Gwaggon Amare: Wannan ita ce babbar cuta. A biya kafin alƙalami, a karɓi rasit mai lambobin ɗakuna da kwanan wata. A tambayi ƙarfe nawa suke kashe janareta, wasu 12 na dare suke kashewa su ce dizal ya yi tsada, ruwan zafi ma babu ga sanyin hunturu.

Ɗan Barnawa: Gidajen haya na kwana-kwana a Barnawa da Malali sun fi sauƙi in mutane da yawa ne.

Ummu Sadik: Su ma sai su ce kuɗin ajiya na ɓarna, in an tashi fita a ƙirƙiro fasasshen kofi a riƙe rabi.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in cikin gari ne, Malam, Hayis biyu da Siyena za su isa ko sai Kosta? Kuma Gamji suna barin a shiga da abinci daga waje?

Gwaggon Amare: 'Yata, fara faɗa mana batun ɗakunan. Nawa suka ce miki kwana ɗaya, kuma sun ba ki rasit?