Jikoki tara za su zo min Kirsimeti, ya zan yi?

Kakar Yara, Tudun Wada:
Sannunku jama'a. Bana 'ya'yana duka za su zo Jos Kirsimeti, biyu daga Abuja ɗaya daga Kaduna, jikoki tara ke nan kuma ɗaki uku ne gidan, gaskiya murna ta hana ni barci amma wurin kwana da sanyin nan ke damuna, na Abuja ba su saba ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Maman Tagwaye:
Mama ki shimfiɗa musu katifu a falo, yara sun fi son haka ma. Ki dai ce iyayensu su taho da suwaita da safa, bara ƙaramin namu kwana uku yana tari. Kar a bar gawayi a ɗaki a rufe ƙofa, yana kisa.

Ɗan Bukuru:
Kayan miya kuma ki je kasuwar Farin Gada tun kafin 23 ga wata, in bikin ya matso komai tashi yake. Ranar 26 a kai su Wildlife Park su ga dabbobi.

Kakar Yara:
Na gode 'ya'yana. Gwate zan dafa musu bayan an taso coci, babbar jikata tun Nuwamba take min waya a kansa.