Ta ina ake gano asalin kakar da takardu ba su ambaci mahaifinta ba?

Mai Neman Asali:

Assalamu alaikum. Ina tattara tarihin danginmu, kuma ɓangaren maza bai ba ni wahala ba, domin sunayensu suna nan a takardun filaye da na haraji. Inda na tsaya cik shi ne kan kakar kakata ta wajen uwa. Sunanta kaɗai muka sani, kuma duk takardar da ta ambace ta, ko dai ta kira ta matar wane, ko kuma bayan rasuwar mijin ta kira ta uwar wane, ba sunan mahaifi, ba wurin haihuwa. Shekarun 'ya'yanta sun nuna an yi aurenta wajajen 1880. Ina roƙon masana su nuna mini hanya, sannan su faɗa mini ko gwajin DNA zai yi amfani a nan.

Ma'ajin Takardu:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, hukumomin zamanin da ba su rubuta mutane don tarihi ba, sun rubuta su ne don haraji, da aikin soja, da mallakar ƙasa, kuma galibin waɗannan a hannun maza suke a lokacin. A Amurka, daga ƙidayar 1790 har zuwa ta 1840, sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida kuwa adadinsu ake sa wa. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum da ba bawa ba a gida, sai kuma a 1880 aka fara bayyana dangantakar kowa da maigidan. A Ingila, dukiyar matar aure tana komawa ƙarƙashin mijinta ne a shari'ance, har dokokin 1870 da 1882 suka sauya hakan, don haka da wuya a ga sunanta a cinikin fili.

Shawarata ita ce ki daina neman sunanta, ki nemi mutanen da suka kewaye ta. Takardar da ta fi kowace bayyana mace ita ce ta rabon gadon mahaifinta, domin a nan dole a lissafa magada duka, kuma sau da yawa ana rubuta 'ya mace tare da sunan mijinta. Ke nan sunan mijin za ki nema a cikin takardun gado da wasiyyar wasu gidaje, ba na gidansa ba. Bayan wannan, ki duba waɗanda suka yi shaidar aurensu, da waɗanda suka sa hannu a cinikin filayen mijin, da maƙwabtan da ke kusa da su a takardar ƙidaya. Idan suna ɗaya ya yi ta maimaituwa, to akwai yiwuwar surukinsa ne.

Kada kuma ki tsaya kan ɗiyar da kika fito daga tsatsonta. Ki nemo takardun aure da na rasuwar 'ya'yanta duka, domin abin da magatakarda ya bari a takardar wannan, wani ya cike shi a takardar wancan. A Scotland, alal misali, tun daga 1855 takardar rasuwa tana ɗauke da sunan mahaifin mamaci da na mahaifiyarsa, har da sunan gidan da ta fito.

Malamar Kimiyya:

'Yar'uwa, gwajin DNA yana da amfani, amma yana tabbatar da zato ne fiye da yadda yake samar da suna. Akwai nau'in da ake kira mtDNA, wanda uwa ke ba 'ya'yanta duka, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Idan tsakaninki da wannan kaka mata ne zalla, to nata kike ɗauke da shi. Matsalarsa ita ce yana sauyawa a hankali ƙwarai, har mutum biyu su yi daidai alhali kakar da ta haɗa su ta rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Amfaninsa na fitowa ne idan kina zargin wani gida: sai a gwada wanda ya fito ta layin mata daga gidan, idan bai dace da naki ba, an kawar da wannan zaton.

Gwajin gama-gari, wanda ke duba gadon uwa da uba baki ɗaya, ya fi dacewa da wannan tazara. Abin da kika gada daga kakar kaka bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 ba, mahaifiyarki tana da ninkinsa, kakarki kuma kimanin kashi 25. Saboda haka wanda ya fi kowa tsufa a dangi shi za a fara gwadawa, tun yana raye.

Mai Neman Asali:

Na gode muku, Allah ya ƙara sani. Na samo takardun rasuwar 'ya'yanta biyu, sai dai kowace ta ba ta sunan gida daban. Wanne zan ɗauka?

Ma'ajin Takardu:

Kada ki ɗauki ko ɗaya tukuna, Malama, kuma kada ki yar da ko ɗaya. Ki fara duba wanda ya ba da bayanin a kowace takarda, domin maganar ɗan'uwan mamaci a kan sunan uwarsu ta fi ƙarfin maganar suruki ko jikan da bai taɓa ganinta ba. Mai yiwuwa ne kuma duka biyun gaskiya ne. Mutuwar ƙuruciya ta yi yawa a wancan zamani, don haka ba abin mamaki ba ne a ce ta taɓa aure kafin wannan, ɗaya sunan na mijinta na fari ne, ko kuwa ta tashi a hannun mijin uwarta har aka riƙa kiranta da sunansa. Kuskuren ɗaukar irin wannan suna a matsayin na mahaifinta ya cika bishiyoyin dangi, wato jerin zuriya, da ake sakawa a intanet, inda wani ya kwafi wani ba tare da ganin takarda ba, shi ya sa ban yarda a ɗauke su hujja ba.

Idan ƙasar da ta zauna ta yi irin wannan tambaya, ƙidaya za ta taimaka: ta Amurka ta 1900 da ta 1910 sun tambayi mata 'ya'ya nawa suka haifa kuma nawa ke raye, ta Ingila ta 1911 kuma ta tambayi shekarun auren da ake ciki. Idan ɗanta na fari ya girmi auren, to ki nemi aure na farko. Ki bincika sunayen biyu a takardun gado na yankin, tsakanin 1860 da 1910, ki ga wanne ne ya ambaci mijinta.