Digirin da Ya Kasa Gyara Fanka

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ƙanena ya kammala digirin injiniyan lantarki, amma da fankar gidanmu ta tsaya sai ya kwance ta ya kasa mayarwa, har muka kai wa wani jahilin yaro a kasuwar Wunti ta Bauchi ya sake naɗa mata waya. Tun 1973 hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata ta ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu, amma shi ƙanen nawa wata shida ya yi yana cika littafin rahoto a ɗaki. A ganina, kada a ba kowa kwali sai ya yi shekara cur a hannun maigida a wurin aiki.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina roƙon ka janye kalmar jahili, domin yaran da ke zaune a shagunan nan da yawansu sun sauke Alƙur'ani, kuma rashin boko ba jahilci ba ne.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, jahilcin lissafin lantarki nake nufi.

Anti Rabi: To Yaya, idan wanda ya gyara shi ne jahili, wane suna za mu ba wanda ya kwance ya kasa mayarwa?

Injiniya: Hajiya, a yi hattara. Aikin injiniya tsarawa ne da lissafi, naɗin waya kuwa aikin masu difloma ne, kuma domin haka aka kafa kwalejojin kimiyya da fasaha.

Na Gwallameji: Wannan rainin ne ya sa mai babbar difloma ta HND yake tsufa a bayan mai digiri a aikin gwamnati, alhali shi ake kira idan inji ya tsaya.

Kawu Bappa: Mu dai a Gombe ba mu raina aikin hannu, domin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke wurinmu malaman koyar da sana'a take yayewa.

Anti Rabi: Kawu, lokacin da aka kafa ta Gombe tana cikin jihar Bauchi, sai 1996 kuka samu taku.

Na Gwallameji: A matsayina na shugaban zaure, na taƙaita: jama'a sun amince cewa mai HND ya fi mai digiri sanin aiki, kuma Injiniya bai kawo hujja ba. An rufe muhawara.

Malam Ɗanjuma: Har yanzu Alhaji bai janye kalmar ba.